Daga Turke zuwa Tukunya: Noma da Abincin Salla a Boɗinga da Shagari

A 2016 an yi Babbar Salla ranar 12 ga Satumba. A ƙasar Sakkwato lokacin gero ya nuna, yara na gasa tumu, ciyawa ta wadata har dabba na zaɓe. A 2024 sallar ta faɗo ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, daidai lokacin da manomin Boɗinga ko Shagari ke ɗaga kai yana duban gabas, iri na hannu, rumbu ya kusa kai ƙasa. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, shi ya sa salla kan zagaye damina da kaka da ɗari da bazara cikin shekara talatin da uku. Gona kuwa ba ruwanta da tsayuwar wata, saukar ruwa take jira. Hidimar idi ɗaya ce kowace shekara, amma ƙarfin da za a yi ta da shi yana bin watan da ta faɗo.

Garuruwan biyu suna kan hanyar da ta fita Sakkwato ta yi kudu, ta bi Tambuwal zuwa Jega. Ƙasa ce ta jigawa mai rairayi. Ruwan da take samu a matsakaiciyar shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma cikin wata huɗu yake zuba ya ɗauke. Duk da haka ta daɗe cike da mutane. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi ya zauna Boɗinga kafin Gwandu, jama'a suka biyo malamansu suka kafa gidaje da gonaki. Tun daga nan ƙasar da ke kewaye da birnin ta fara rasa saura. Inda fili ke da yawa manomi kan bar gona ta huta wasu shekaru ta mayar da ƙarfinta. A nan gona ɗaya ake nomawa bana da baɗi, kaka ya noma, jika ya gada. Abin da ya hana ta mutuwa taki ne, taki kuwa daga turke yake fitowa.

A ƙarshen shekarun 1960 masu bincike daga Cibiyar Nazarin Aikin Gona ta Samaru, cikinsu har da David Norman, sun bi diddigin noman ƙauyuka uku na kewayen Sakkwato, ɗaya daga ciki Takatuku ta ƙasar Boɗinga. A wancan zamani malaman gona da yawa na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Aikin Norman a nan da ƙasar Zazzau ya nuna lissafin manomi ya fi nasu: gonar haɗe ta fi ba da amfani, kuma in ruwa ya yi gardama ba a tashi a tutar babu. Gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar damina, dawa ta biyo baya, wake ya shimfiɗe ya rufe ƙasa daga rana, saiwarsa na ƙara mata ƙarfi. In an gama roron wake sai a naɗe harawa a ɗora bisa rufin ɗaki ko reshen itace. Daga wannan harawa ragon layya ke farawa.

Kiwon turke galibi aikin mata ne, kuma dukiyarsu ce. Mace kan sayi ɗan rago da kuɗin adashi ko ribar ƙuli-ƙuli, wata shida ko fiye kafin salla, ta ɗaure shi a inuwar bayan ɗaki. Da safe a dama masa dusar surfen gero da ruwan tsari da 'yar kanwa. Da rana harawa da ƙowar wake. Yara in sun taso daga makarantar allo su tsinto masa 'ya'yan gawo. Kusan babu abin da yake ci wanda mutum zai sa a baki. Kashinsa da ragowar karan da ya tattake ana share su a tara a bayan gida tare da toka, in bazara ta yi a loda wa jaki a mangala ko a zuba a amalanken shanu, a kai gona a sauke tsibi-tsibi. Da salla ta matso maigida na iya sayen ragon a hannun matarsa, da ciniki na gaske ba wasa ba. Ko kuma a kora shi kasuwa, dillali ya dafa gadon bayansa ya duba haƙora, mai saye ya taya, a ce masa, "Albarka, Alhaji, ƙara dai," har a kai ga "Na sallama." Kuɗin ya koma kayan ɗakin 'ya, ko buhun taki, ko wani ɗan ragon.

Shi ya sa nakan yi mamakin masu cewa layya ce ke cinye ɗan abin da talaka ya tara, da masu kwaso muhawarar Turai kan cin nama da ɗumamar yanayi su sauke ta a nan ba tare da sun duba ba. Can ana magana ne kan dabbobin da ake ɗura wa masara da waken suya waɗanda aka share daji aka noma. Ragon ƙauyukan nan, irin su Kajiji ko Danchadi, da ragowar gona ya tashi, kuma gonar yake mayar wa. Gidan da ya yanka shi kuwa, in ka ɗebe suna da biki, wataƙila wannan ne kaɗai makon da yara za su ci nama su ƙoshi. Addini ma bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan, layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali, wanda kuɗin ragon ba zai taɓa buƙatun shekararsa ba. Wanda bai samu ba yakan shiga watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa a kasa nama, don dai kada yara su zuba wa tukunyar maƙwabta ido.

Inda juyawar watanni ke cizo shi ne wajen abincin dabba. Sallar Satumba rago na samun ɗanyar ciyawa kyauta. Sallar Yuni ko Mayu kuwa, watannin ƙarshe na kiwon cikin bazara suke faɗowa, daji ya bushe ƙayau, damin harawa ya yi nesa da kuɗinsa na kaka, dusa ma sai an saya. Wanda ya adana harawarsa ya ci riba. Wanda ya sayar da ita tun kaka don biyan bashi, ribar ragonsa mai harawa ya yi wa. Akwai dai ɗan sauƙi ta wani gefen, tunda kuɗin rago na shigowa daidai lokacin sayen iri da taki da sallamar 'yan ƙwadago. Nan gaba sallar za ta ƙara nutsawa cikin Afrilu da Maris, saboda haka rumfar ajiye harawa, wadda ba ta taɓa shiga jawabin ɗan siyasa ba, za ta fi da muhimmanci.

Ba kuma duk ragon da ake yankawa ne ɗan gida ba. Manyan uda da balami da ke cika kasuwa kafin salla, da yawansu daga Nijar suke shigowa ta Illela. An ji hakan a jiki bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyaka har Maris ɗin 2024, da kuma 2025 da hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi ana saura 'yan makonni salla.

Ranar idin kanta, abin da baƙo daga Kano ko Zariya zai fara lura da shi shi ne ba a yayyanka rago a soya nan take. Ana feɗe shi, a fid da kayan ciki, a buɗe shi a tsire da sanduna a gicciye, a shafe shi da gishiri, sannan a kafa shi gefen wuta. Maƙwabta kan haɗa wuta ɗaya a ƙofar gida, ragunan unguwa su kewaye ta, kowa ya san nasa. Tareni ke nan. Ba a ɗora naman bisa harshen wuta, zafi ne ke ratsa shi a hankali, kitse na ɗiga, samari na juya shi suna gyara itace daga azahar har dare. A ranar kayan ciki ake ci, hanta da tumbi da huhu, da tuwo ko masa. Sai washegari a sassare a shiga rabo: na surukai, na maƙwabcin da bai yanka ba, na almajirai, na 'yar da ke aure a wani gari. Abin da ya rage mata su soya shi cikin kitsensa har ya bushe, su zuba a tukunya su rufe, wani kuma a daka shi dambu. A garin da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, naman da aka tsane wa ruwa haka yakan yi makonni ana ɗiban tsoka biyu ana jefawa a miyar kuka. Akwai gidajen da har yau ke ɓoye busasshiyar jela ko kai sai daren cika-ciki a watan Muharram, wata guda bayan layya. Fatar ma ba a yar da ita. Tunda bai halatta mai layya ya sayar ba, ko a jeme ta a yi buzu, ko a miƙa wa ƙungiyoyin addini da ke tarawa.

Sai dai tareni na cin itace, kuma a wurin wuta nake ganin ainihin raunin wannan tsari. Itacen yini ɗaya na salla ba shi ne damuwa ba, murhun kullum ne. Tuwo da kunu da suyar ƙosai a ƙauyukan nan duk bisa duwatsu uku ake yin su, da kara in akwai, da itace in an samu, da busasshen kashin shanu in an rasa. Kowanne cikin ukun gona aka ƙwace wa. Karan da aka ƙona bai tare ƙasa daga iskar hunturu ba, bai shiga cikin dabba ba. Kashin da aka ƙona bai zama taki ba. Itace kuwa kullum ƙara nisa yake yi. A Afrilun 2022, cikin azumi, kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, aka rasa rai kusan talatin, mafi yawansu yara da matasa. A Mayun 2023 aka sake irinsa a Dandeji, yara goma sha biyar suka rasu, mafi yawansu mata. Duka biyun itace aka tafi nema a ƙetaren ruwa. An yi ta maganar lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya, kuma gaskiya ne. Amma ba a cika tambayar me ya sa sai yarinya ta haye ruwa kafin a ɗora tukunya a gidansu ba.

Maganin ba shi da nisa, yana ƙetaren iyaka. A farkon shekarun 1980, bayan farin da ya share itatuwan jihar Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara da ransu, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Aka fara barin tsiro biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran. Manoman can suka kira shi sassabin zamani. An ƙiyasta gonakin da suka sake tsayar da itatuwa ta wannan hanya a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan biyar. Sabara da kalgo da aduwa da ake bari can su ne dai ke tohowa a gonakin Sifawa da Lambara. Gawo kuma ya fi su duka, don da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani ya ba dabba 'ya'ya. Aikin ba ya buƙatar komai sai wuƙa, da tabbacin cewa itacen na mai gona ne, ba wanda zai zo da dare ya sare, ba ma'aikacin da zai ci shi tara in ya datsi reshe. Bikin dashen itace da ake yi da kujeru da lasifika, kowa ya san awaki ke cin gajiyarsa.

Ƙaramar Salla tata hanyar daban, don ta hatsi ce. Kafin a tafi idi magidanci na fitar da zakkar kono, sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, a kan kowane rai da yake ciyarwa, daga abincin da garin ya fi ci. A nan gero ne. Kafin wannan akwai zakkar kaka ga wanda amfaninsa ya kai nisabi: ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, rabin haka in da wahalar ban ruwa aka noma. Manomi ba ya neman sikeli, damin goma yake warewa. Hatsi ne ke tashi daga rumbu ya shiga gidan mabuƙaci ba tare da ya bi ta kasuwa ba, don haka tashin farashi ba ya rage shi. Abincin azumi ma kusan duka na gonar tudu ne: kunun gero da tsamiya, ƙosan wake, da fura wadda Basakkwace ba ya haɗa ta da komai. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa a Fabrairu da Maris, lokacin da tumatir da albasa da tattasai na fadama suka cika kasuwa, wannan ma rahama ce ta ɗan lokaci.

Tukunyar ranar salla ce ta canza. Inda da ake tuƙa tuwon dawa ko na shinkafar fadama da miyar taushe, a yi masa da funkaso a aika gida-gida a kwanon sha, yanzu gidan da bai dafa shinkafa da miyar tumatir ko taliyar leda ba gani yake bai yi salla ba. Dunƙulen ɗanɗano ya ture daddawa gefe, lemun kwalba ya zauna wurin zoɓo da kunun zaƙi. Ba na cikin masu zagin taliya. Wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba ba shi da bakin gaya wa macen da ta yi sussuka da surfe da daka wata goma sha biyu cewa kada ta huta yini ɗaya. Amma lissafin na nan ko an so ko an ƙi. Duk abin da ke cikin sabuwar tukunyar da kuɗi ake sayo shi, kuɗin kuwa gero ake aunarwa a samu, sau da yawa geron da aka sayar da arha tun kaka wanda za a dawo a saya da tsada in damina ta yi nisa. A tsakiyar 2024, da hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, bambancin da ke tsakanin gidan da ke da rumbu da wanda ke awo kullum ya fito fili. Shekarar da ta gabaci wannan, wato 2023, ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a matsayin shekarar gero, saboda jurewarsa ga fari da amfaninsa ga jiki, a daidai lokacin da masu nomansa suka fara jin kunyar ajiye wa baƙo tuwonsa. Wake ma haka: tsoron ƙwari ke sa a rabu da shi da wuri ko a zuba masa magani mai guba, alhali buhun nan mai ninki uku da ake ɗaurewa iska ba ta shiga yana riƙe shi har bazara ba tare da magani ba.

Ba za a yi maganar noma a Shagari a tsallake ɗan garin ba. Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, yana shugaban ƙasa ya ƙaddamar da shirinsa na juyin juya halin noma a 1980, bayan shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo na 1976. Niyyar ta alheri ce, sai dai idon shirin na kan manyan madatsun ruwa da taraktoci da takin zamani. A Afrilun wannan shekara ta 1980 manoman Bakolori, wadda a lokacin ke cikin jihar Sakkwato, suka tashi kan gonakin da aikin madatsa ya ci ba a biya su yadda ya dace ba, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka da dama. A zamanin ne kuma shinkafar waje ta yi ta kwararowa har aka kafa mata kwamiti na musamman ƙarƙashin Umaru Dikko, kuma ɗanɗanon da baki ya koya a lokacin bai bar shi ba. Abin da ya taɓa ƙaramin manomi sosai ya zo ne daga baya, kuma ƙarami ne: 'yar rijiyar bututu da injin ban ruwa da mutum ɗaya zai ɗauka, waɗanda shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa daga 1993, suka maye gurbin jigo. Da su ake noman rani a bakin madatsar Shagari da sauran fadamun yankin, su suka rage wa wasu samari tafiya cin rani. Sai dai injin fetur yake sha. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Wasu suka rage kadada, wasu suka juya injin zuwa gas, masu hali suka koma na hasken rana, wanda kuɗinsa na farko ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai dai a yi karo-karo.

Duk wannan da zaman lafiya ake yin sa. Ta'asar 'yan bindiga da ta daɗe tana addabar gabashin jihar, su Isa da Sabon Birni, ta leƙo kudu, har a 2025 mutanen wasu ƙauyukan Shagari suka bar gidajensu amfani na gona. In an kawo hari ana ƙirga rayuka da waɗanda aka sace, kuma haka ya kamata. Dabbobin da aka kora kuwa a jimla ɗaya ake ambaton su a wuce, alhali a cikinsu akwai ragon da mace ta turke, da shanun huɗa, da jakin kai taki. Takin gargajiya yakan yi shekara biyu zuwa uku yana aiki a ƙasa, saboda haka gonar wanda aka kore wa garke ba ta nuna rashin nan da nan. Sai a damina ta biyu ko ta uku zangarniya ta fara sirancewa, wuta-wuta ta cika kunya, lokacin an daɗe da daina ambaton sunan ƙauyen a rediyo.